Akinola Lasekan: Mutumin Da Ya Yaƙi Mulkin Mallaka Da Zane

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwa irin ta Ɗanbatta ya ga 'yan kama sun buɗe fage, ya san akwai maganar da ba ta faɗuwa sai a cikin raha. Ɗan kama zai naɗa rawani ya harɗe kamar shaihin malami, ya yi ta jan baƙi a kan tuwo da miya, jama'a suna ta dariya, amma kowa ya san inda aka dosa. Haka nan a fada, wawan sarki yakan faɗa wa sarki abin da Waziri ba zai yi ƙarfin halin faɗa ba. To, a cikin aikin jarida ma akwai mai irin wannan matsayi, shi ne mai zanen barkwanci, watau abin da ake kira katun. Mutumin da ya fara wannan sana'a a jaridun Nijeriya, har ya mai da ita makamin siyasa, shi ne Akinola Lasekan, wanda masu karatun jarida na zamaninsa suka fi sani da Lash, sunan da yakan sa a gindin zanensa.

Asalinsa da koyon sana'a

An haifi Lasekan a cikin shekarar 1916 a ƙasar Owo, wadda take cikin Jihar Ondo ta yanzu. Owo tsohuwar masarauta ce da ke tsakanin ƙasar Yarbawa da ta Binin, ta kuwa yi suna tun da daɗewa wajen sassaƙar itace da ta hauren giwa. A farkon aikinsa an san shi da sunan S. A. Oladetimi, daga baya ya koma amfani da Akinola Lasekan.

A lokacin ƙuruciyarsa babu wata babbar makarantar koyon zane a ƙasar nan. Mutum guda da ya buɗe hanya shi ne Aina Onabolu, wanda ya yi karatun zane a London da Paris, ya komo ya riƙa zagaya makarantun Ikko yana koyarwa, ya kuma matsa wa Gwamnati lamba har ta kawo wani malamin zane Bature mai suna Kenneth Murray a cikin 1927. Amma ɗalibai ƙalilan ne suka sami wannan gata. Shi Lasekan yawancin abin da ya iya shi ya koya wa kansa, ta hanyar duban aikin waɗansu da yawan gwadawa da kuma darussan da ake aiko masa ta gidan waya.

A tsakiyar shekarun 1930 ya sami aiki a Ikko da kamfanin Faransawan nan na CFAO, inda yake zana adon atamfa. Daga nan ya koma kantin littattafai na mishan ɗin CMS, yana zana hotunan da ake sawa a cikin littattafai, har wajen 1940 sa'ad da ya tsaya da ƙafarsa. Waɗannan wurare biyu makaranta ce a gare shi. Mai zanen atamfa dole ya san abin da zai ja idon mai saye daga nesa, mai zanen littafi kuwa dole ya iya sa hoto guda ya ba da labarin shafi guda. A cikin 1945 ya tafi Ingila ya ɗan taɓa karatu a makarantar zane ta Hammersmith da ke London, bai daɗe ba ya komo gida.

Shigarsa gidan jaridar Pilot

Ran 22 ga watan Nuwamba 1937 Dokta Nnamdi Azikiwe ya kafa jaridar West African Pilot a Ikko. Ya yi karatu a Amurka, ya ga yadda jaridun can suke jawo talakawa da manyan kanun labarai da hotuna, sai ya kawo wannan salo. Kafin a jima jaridar ta zama abin karatun akawuna da malaman makaranta da ma'aikatan reluwe. A cikin 1944, shekarar da aka kafa jam'iyyar NCNC da Herbert Macaulay a matsayin shugaba, Azikiwe kuma sakatare, Lasekan ya fara zana wa Pilot katun. Saboda haka tun ranar farko alƙalaminsa a ɗaure yake da jarida guda da jam'iyya guda. Mai karatu ya riƙe wannan, domin nan ƙarfinsa yake, nan kuma rauninsa zai fito.

Amfanin zane a wannan zamani a fili yake. Jaridar da Turanci ake buga ta, waɗanda suka iya Turanci kuwa kaɗan ne ƙwarai. Akawu guda zai sayi jarida, mutum goma su kewaye shi yana karantawa yana fassara musu. Amma in aka zo kan zanen Lash, dako da ɗan kamasho da mai gadi ba su jiran tafinta sai don 'yan kalmomin da aka rubuta a jikin hoton. Gani ya kori ji. Sharhin edita sai wanda ya yi makaranta, zane kuwa na kowa ne mai ido.

Abin da yake zanawa

Zanen Lasekan ba irin na masu karkata fuska da tsawaita hanci ba ne. Da yake mai zanen kamannu ne, mutanensa da surarsu ta gaskiya suke fitowa, sa'an nan ya rubuta a jikin kowa abin da yake wakilta, wannan Nijeriya, wancan mulkin mallaka, wancan kuma jam'iyya kaza. Hikimarsa tana wajen girma da ƙanƙanta. A hotunan da Turawa suka saba bugawa, baƙar fata yaro ne da ake riƙe wa hannu, ko kuwa ɗan dako a bayan Bature. Lasekan ya juya abin. A wurinsa ɗan Afirka ƙaƙƙarfan namiji ne mai ƙirar zaki, wanda ba ƙarfi ya rasa ba, 'yanci aka hana shi. Azikiwe kuwa sau da yawa ƙato yake fitowa, abokan hamayyarsa ƙanana a gabansa.

Babban abin da ya fi damunsa a shekarun farko shi ne alkawarin da aka yi lokacin yaƙin duniya na biyu aka kuma saɓa. A watan Agusta 1941 Shugaba Roosevelt na Amurka da Firayim Minista Churchill na Ingila suka fitar da Yarjejeniyar Atlantika, wadda ta yarda kowace al'umma tana da ikon zaɓen irin mulkin da take so. Wata guda bayan haka Churchill ya bayyana wa majalisar ƙasarsa cewa ƙasashen Turai da Hitila ya mamaye ake nufi, ban da ƙasashen da Ingila take mallaka. A cikin 1943 editocin jaridun Afirka ta Yamma suka ziyarci Ingila, cikinsu har da Azikiwe da Malam Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo. Azikiwe ya miƙa takardar neman mulkin kai bisa hujjar wannan yarjejeniya, Malam Abubakar Imam bai sa hannu a kanta ba, Gwamnatin Ingila kuma ba ta kula ta ba. A daidai wannan lokaci dubban 'yan Nijeriya suna cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda aka kai dajin Bama su yaƙi Japan, da yawansu kuwa 'yan Arewa ne, har ma Hausa ce harshen bariki. Lasekan ya mai da wannan abin zane: sojan Afirka da na Ingila kafaɗa da kafaɗa a fagen fama, amma da ƙura ta lafa ɗaya ya koma ubangida, ɗaya ya koma bara. Tsohon sojan da ya komo ƙauyensu da lambar yabo a ƙirji, babu aiki, ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan hoto.

Abubuwa kuwa suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. A watan Yuni 1945 ma'aikata suka shiga yajin aiki na gama gari saboda tsadar rayuwa, Michael Imoudu yana kan gaba, aka yi kwana 44 jiragen ƙasa da gidajen waya suna tsaye. Pilot da 'yar'uwarta Daily Comet suka goyi bayan ma'aikata, sai Gwamnatin Gwamna Sir Arthur Richards ta hana buga su a watan Yuli, ba a sake su ba sai bayan makonni. Sa'an nan ga tsarin mulkin Richards, wanda ya raba ƙasa jihohi uku, Arewa da Gabas da Yamma, ba tare da an nemi shawarar 'yan ƙasa ba. A cikin 1947 wani otel a Ikko mai suna Bristol ya hana Ivor Cummings masauki saboda launin fatarsa, alhali kuwa babban ma'aikaci ne daga Ofishin Mulkin Mallaka na London. Ran 18 ga watan Nuwamba 1949 kuma 'yan sanda suka buɗe wa masu haƙar kwal wuta a Inugu, suka kashe mutum 21. Cikin irin wannan zamani Lash yake fitar da zanensa, a kan wariyar launin fata, da bambancin albashi tsakanin Bature da ɗan ƙasa, da yadda manyan kamfanonin Turawa suka kankane ciniki.

Kada a ɗauka wannan aiki ba shi da haɗari. Dokar hana cin mutuncin Gwamnati tana aiki, an kuwa ɗaure Anthony Enahoro, editan Daily Comet, wata tara a cikin 1946 a kanta. Masu mulki ko'ina sun fi jin zafin dariya bisa zagi. A Faransa an ɗaure mai zane Honoré Daumier wata shida a cikin 1832 don ya zana Sarki Louis-Philippe yana haɗiye dukiyar talakawa. A zamanin da ya biyo baya kuma, a cikin 1987, aka harbe mai zanen nan Bafalasɗine Naji al-Ali a kan titin London.

Yadda abin ya iso Kano

Jaridun Ikko jirgin ƙasa yake kawo su Arewa, su sauka Sabon Gari, daga nan su shiga hannun malaman En'e da samarin da suka fito makarantar Midil. A cikin 1946 shugabannin NCNC suka zaga ƙasa suna tara kuɗin aika wakilai London don su ƙi tsarin Richards. A Kano ciwo ya kama Herbert Macaulay, aka mai da shi Ikko, ya rasu ran 7 ga watan Mayu. Da wakilan suka tashi a cikin 1947, Malam Bukar Dipcharima na Barno yana cikinsu. Malam Sa'adu Zungur na Bauci kuma ya zauna Ikko yana riƙe da muƙamin sakataren NCNC.

A cikin 1949 Azikiwe ya mai da jaridar Daily Comet Kano. Shekara guda bayan haka, ran 8 ga watan Agusta 1950, waɗansu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Ɗaya daga cikinsu ɗan Ɗanbatta ne, Malam Magaji Ɗanbatta, wanda a wannan jarida ta Comet ya fara aikin jarida. Saboda haka gidan jaridar da Lasekan yake wa aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Kano, da shi aka yi renon 'yan siyasar farko na wannan yanki.

Sai dai a Arewa makamin ba'a ya ɗauki wata kama. Abin da zane yake yi a Ikko, waƙa ce take yinsa a nan. Malam Sa'adu Zungur da Malam Mudi Sipikin da sauran mawaƙan jam'iyyu, na NEPU da na NPC, su ne masu zana mutum da baki, a rera a dandali, yara su ɗauka su kai lungu. Dalilin duka ɗaya ne, watau neman hanyar da magana za ta kai ga wanda bai iya karatun boko ba.

Sa'ad da abokin gaba ya sauya

Muddin Bature ne abin zanawa, Lash na kowa ne. Amma tun daga 1948 rigima ta ɓarke tsakanin Pilot da jaridar Daily Service a kan ƙungiyar Yarbawa ta Egbe Omo Oduduwa, abin da aka yi ta yi kamar yaƙin ƙabilanci a kan takarda. A cikin 1951 Cif Obafemi Awolowo ya fito da jam'iyyar Action Group, ta kuma kafa gwamnati a Jihar Yamma, Azikiwe ya zama madugun 'yan hamayya kafin ya koma Gabas. Daga nan alƙalamin Lasekan ya karkata. Shi Bayarabe ne, amma ya tsaya tare da NCNC, ya riƙa zana Action Group da shugabanninta a matsayin masu raba kan ƙasa. Dabarar nan ta girma da ƙanƙanta, wadda ya ɗaga darajar ɗan Afirka da ita, ita ce ya koma yana ƙasƙantar da ɗan'uwansa ɗan Nijeriya da ita.

Za a iya yi masa uzuri. Ya gaskata da ƙasa ɗaya, yana kuma ganin siyasar ƙabila guba ce, tsayawar da ya yi a jam'iyyar da ba ta rinjaye a ƙasarsu kuwa ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Amma masu nazarin aikinsa, irin su marigayi Farfesa Tejumola Olaniyan, sun lura da yadda zanensa ya zama kakakin jam'iyya. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. NCNC ma tana da nata laifuffuka, an kore manyan 'ya'yanta, an yi rikicin shugabanci a Gabas a cikin 1953, har an kafa kwamitin Foster-Sutton a cikin 1956 don ya binciki dangantakar Azikiwe da bankin African Continental. Jaridar maigida ba wurin da za a yi wa maigida dariya ba ne.

Mutanen Arewa sun ɗanɗana irin wannan zafi. Ran 31 ga watan Maris 1953 Enahoro ya kawo batu a Majalisar Wakilai cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato ya nemi a gyara batun ya zama sai lokacin da ya dace. Da aka tashi, 'yan iskan gari suka yi wa wakilan Arewa ihu a Ikko, jaridun Kudu kuma suka yi musu ca da ba'a, ana ce da su 'yan koren Turawa. Wata ɗaya da rabi bayan haka, da wakilan Action Group suka nufo Kano yin lacca, tarzoma ta tashi ran 16 ga watan Mayu, aka kwana huɗu ana yi, mutum 36 suka mutu bisa ƙidayar hukuma. Ba ba'ar jarida kaɗai ta jawo wannan ba, amma ta ƙara wa wutar itace. Dariyar da aka yi wa mai mulki takan rage masa girman kai, wadda aka yi wa jama'a guda kuwa gaba take haifarwa.

Ƙarshen abin ma akwai darasi. Bayan zaɓen watan Disamba 1959, NCNC ta haɗa gwamnati da NPC, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama Firayim Minista, Azikiwe ya zama Gwamna Janar a watan Nuwamba 1960. Jaridar da ta yi shekara ashirin da 'yan kai tana hamayya ta wayi gari a gefen masu mulki, NEPU kuwa, wadda take ƙawance da NCNC tun 1954, aka bar ta tana hamayya a gida da abokiyar ƙawarta.

Malanta da rasuwa

Katun ba shi ne kaɗai aikin Lasekan ba. Ya zana hotunan mutane da na kasuwanni da na tarihin Yarbawa, kamar hoton Ogedengbe, jarumin Ilesha a yaƙin Kiriji, da na Ajaka na Owo. Gidauniyar Harmon ta birnin New York ta nuna ayyukansa a Amurka, waɗansu kuma suna ajiye a gidajen tarihi na can. Da yake ta gidan waya ya koyi sana'a, shi ma ya buɗe darussan zane ta gidan waya, ya kuma rubuta littattafan koyar da zane don 'yan makaranta.

A farkon shekarun 1960 ya koma koyarwa a sashen zane na Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, wadda aka buɗe a watan Oktoba 1960. Rikicin 1966 ya tashe shi daga Gabas kamar yadda ya tashi sauran waɗanda ba 'yan jihar ba, ya komo Yamma, ya yi aiki da Jami'ar Ife. Mutumin da ya yi shekaru yana zana Nijeriya a matsayin jiki guda, ya ga ranar da shi kansa ya zama baƙo a wani sashe nata. Jaridar Pilot ma ta daina fita da aka shiga yaƙin basasa a cikin 1967. Lasekan ya rasu a cikin 1972.

Abin da ya bari

Hanyar da ya share ba ta toshe ba. A zamanin mulkin soja masu zane irin su Josy Ajiboye a Daily Times da Kenny Adamson a Punch suka ci gaba da sana'ar. A cikin 1984, sa'ad da aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda guda a ƙarƙashin Doka ta 4, filin katun yana cikin 'yan wuraren da suka rage ana habaici a jarida, domin da wuya lauya ya tabbatar wa kotu abin da hoto yake nufi. Daga baya Arewa ta sami nata gwanaye, irin su Mustapha Bulama wanda ya yi suna a jaridar Daily Trust.

Ɗalibin da yake sha'awar wannan sana'a zai sami abin koyi biyu a rayuwar Lash. Na farko, mutumin da bai sami babbar makaranta ba ya koya wa kansa sana'a har ya sa daular da ta fi kowace girma a duniya ta zama abin dariya a bakin ɗan dako. Na biyu, ƙarfin mai ba'a yana ga 'yancinsa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Jama'a suna sauraron wawan sarki ne domin sun san ko sarkin bai tsira daga bakinsa ba, ranar da ya koma yi wa abokan gaban fada kaɗai, ya zama maroƙi. Ma'aikacin gwamnati kuma, in ya buɗe jarida ya ga an zana ofishinsu, kafin ya nemi wanda ya yi zanen, ya fara duba ko abin da aka zana gaskiya ne.